Wasiƙa daga Tokyo kan cinikin tsuba

Baffa, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, ga bayanin da kuka nema kan aikin maƙeran Japan.

Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne tsuba, wato ɗan faifan ƙarfen da ake sawa tsakanin ƙotar takobi da ruwansa domin kare hannu. Faɗinta bai kai tafin hannu ba, amma akwai masu tara ta kamar yadda malamai ke tara tsofaffin littattafai. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, yaƙe-yaƙe sun lafa, takobi ya zama alamar matsayi, sai maƙera suka duƙufa wajen ƙawata ta: wasu suna huda baƙin ƙarfe su fitar da siffar tsuntsu ko ganye, wasu suna aiki da shakudo, gamin jan ƙarfe da zinariya kaɗan mai baƙi da sheƙin shuɗi. Da gwamnati ta hana yawo da takobi a 1876, kasuwarsu ta faɗi, kaya da yawa suka tafi Turai da Amurka.

A kantin da na shiga a unguwar Ginza, kowace tsuba tana kwance cikin akwatin katakon wata bishiya da suke kira kiri, farashinta a rubuce, masu daraja kuma suna da takardar shaida mai bayyana maƙeri ko gidan maƙeran da aikin ya fito, daga NBTHK, ƙungiyar adana takubban Japan wadda aka kafa a 1948. A Kasuwar Kurmi kuwa, idan mutum ya taya tsohon takobi, ana ta “albarka” har a daidaita, amma asalinsa sai abin da mai kaya ya faɗa da baki. Ina kewar hirar da ke cikin cinikinmu, sai dai takardar nan tana kare mai saye, tana kuma raya sunan maƙeri.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne ba sa goge tsohon ƙarfen tsuba. Mu mukan dirje tagulla da toka da lemun tsami har ta yi ƙyalli, alhali a nan duhun da shekaru suka ba ƙarfen shi ake saye, wanda ya goge shi kuwa ya zubar da kuɗinsa. Jan tsatsa kaɗai suke kankarewa da tsinken ƙashi ko ƙaho, su shafe da ƙyallen auduga. Saboda haka ina roƙonku, takobin Kaka da ke rataye a zaure, kada a bar yara su dirje shi saboda hawan Sallah. A shafa wa ruwansa mai kaɗan, ku kuma rubuta mana sunan wanda ya ƙera shi tun kuna tunawa.