Taƙaita inji da gwaji ko ƙayyade kasafi: wanne ya rage tsadar Formula 1?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana yawan jin masu sharhi na cewa an daɗe ana sauya dokokin Formula 1 don rage kashe kuɗi, amma bai gane bambancin tsofaffin dokoki na taƙaita inji da hana gwaji da kuma iyakar kasafin da aka shigo da ita a 2021 ba, balle ya san wadda ta yi aiki. To Malam, bari mu jera su. Tsohuwar hanya kamar datse ruwa ce a wuri ɗaya, sai ya ɓalle ta wani gefen. Sabuwar kuwa komawa ta yi inda ruwan ke fitowa ta rage shi.

Mu fara da tsohuwar. Kafin 2003 manyan ƙungiyoyi kan ɗora inji na musamman ranar Asabar don zagayen neman gurbi, injin da ba a gina shi don ya daɗe ba, da dare makanikai su sauke shi su ɗora wani na tseren Lahadi. FIA, hukumar da ke tsara dokokin gasar, ta fara da kulle motoci tsakanin neman gurbi da tsere a 2003. A 2004 ta ce inji ɗaya zai yi wa direba ƙarshen mako gaba ɗaya, a 2005 ta mayar da shi tsere biyu, wanda ya sauya kafin lokaci a ja shi baya da gurbi 10 a layin farawa. A 2006 aka sauka daga inji mai silinda 10 da lita 3 zuwa mai silinda 8 da lita 2.4. A 2007 aka hana ci gaba da sauya ƙirar inji, aka tsayar da shi a juyi 19,000 cikin minti, a 2009 aka rage zuwa 18,000 tare da ba kowane direba inji 8 na shekara. A tsakani, a 2008, aka ce akwatin giya ya yi tsere 4 a jere, aka hana ajiye mota ta uku a haɗe a gareji, aka kuma tilasta wa kowa akwatin ƙwaƙwalwar inji iri ɗaya. Gwajin mota a fili cikin kakar tsere ya tafi a 2009, ƙara mai a tsakiyar tsere ya bi shi a 2010.

Kowace daga cikin waɗannan ta rage wani abu da ido ke gani. Matsalar ita ce babu wadda ta ce wa ƙungiya kada ta kashe kuɗin da ya saura a wani wurin. Injin da zai yi dubban kilomita ƙarfinsa bai ragu ba ya fi wanda zai yi kilomita 300 wuyar ƙerawa, saboda haka injunan da aka daina ƙonawa a filin tsere sai aka koma ana ƙona su a ɗakin gwaji na masana'anta, ana neman fiston da bawul da za su jure. Hana sauya ƙira ma yana da kafa, domin an bar damar gyara abin da ya shafi ƙarko, kuma injiniya mai wayo ya san yadda zai cusa ƙarin ƙarfi cikin gyaran da ya kira na ƙarko. Da aka hana gwaji a fili, masu hali suka gina na'urar kwaikwayon tuƙi mai tsadar gaske, suka riƙa kunna bututun gwajin iska dare da rana. Ƙaramar ƙungiyar da a da take iya hayar fili ta gwada motarta kwana biyu, ita aka bari a rana.

Sai kuma 2014 ta zo da inji mai silinda 6 da lita 1.6, da turbo da batir da injinan lantarki biyu. Ya fi tsohon tsada nesa ba kusa ba, kuma ƙananan ƙungiyoyi sayensa suke yi. Kafin shekarar ta ƙare Caterham da Marussia sun durƙushe. An ci gaba da matse adadin injunan da kowane direba ke samu a shekara: 5 a 2014, 4 a 2015, 3 a 2018. Hukuncin ja da baya ya zama abin dariya a Beljiyam a 2015, inda aka tara wa direbobin McLaren biyu, Alonso da Button, gurbi 105 a layin da motoci 20 kacal ke tsayawa. Masu ƙarfi kuwa suka mayar da shi dabara. A Brazil a 2021 Mercedes ta ɗora wa Hamilton sabon inji ta karɓi hukuncin gurbi 5 da gangan, tana sane filin yana da wurin wuce mota, kuma shi ya ci tseren. Wato mai kuɗi yana iya sayen hukuncin.

An taɓa gwada taɓa aljihun tun kafin 2021. Bayan Honda ta fice a Disambar 2008, shugaban FIA na lokacin, Max Mosley, ya kawo iyakar fam miliyan 40 don kakar 2010. Ferrari da sauran manya suka ce sai dai su ɓalle su kafa tasu gasar, aka janye maganar. Aka maye gurbinta da yarjejeniyar da ƙungiyoyin suka ƙulla a tsakaninsu, ba mai bincike ba mai hukunci, zargin juna ya cinye ta, Ferrari da Red Bull suka fice daga ƙawancen ƙungiyoyin a ƙarshen 2011. Sababbin ƙungiyoyi uku da suka shigo a 2010 da sa ran wasan zai yi araha duk sun mutu: HRT a 2012, Caterham a 2014, Manor, wato tsohuwar Marussia, a farkon 2017.

Yanzu ga sabuwar hanya. An fara tsara ta a dala miliyan 175, annobar korona ta sa aka sauko zuwa 145 a 2021, 140 a 2022, 135 a 2023, bisa lissafin tsere 21, da ƙarin miliyan 1.2 a farkon tsarin kan kowane tseren da ya haura haka. Kafin nan ana ƙiyasin manyan ukun, Mercedes, Ferrari da Red Bull, kowace na kashe sama da miliyan 400 a shekara. Amma a lura, ba komai ke ciki ba. Albashin direbobi, albashin manyan ma'aikata uku mafi tsada, talla, kuɗin tafiye-tafiyen ma'aikata da kuɗin sayen inji duk suna waje. Abin da ke ciki shi ne ƙira da ƙera mota, kayan gyara, da albashin sauran injiniyoyi da makanikai. Kowace ƙungiya tana miƙa littafin lissafinta zuwa 31 ga Maris, akantocin FIA su bi shi layi-layi. A tsarin da aka fara da shi a 2021, wuce iyaka da ƙasa da kashi 5 cikin 100 ƙaramin laifi ne, sama da haka ana iya kaiwa ga kora daga gasar.

Gwajin farko ya faɗa kan Red Bull. A Oktoban 2022 aka bayyana cewa ta haura kasafin 2021 da fam miliyan 1.864, kashi 1.6 cikin 100, kuma cikin abubuwan da ta yi kuskuren lissafawa har da kuɗin abincin ma'aikata. FIA ta ce da ta shigar da wani rangwamen haraji daidai, da abin ya tsaya a fam 432,652. Aka ci ta tarar dala miliyan 7, aka zaftare mata kashi 10 na gwajin iska har wata 12. Aston Martin ta biya dala 450,000 kan kuskuren takardu, Williams dala 25,000 kan makarar miƙa lissafi. Masu cewa hukuncin ya yi sauƙi suna da hujja, tunda tarar ba daga cikin kasafin ake cire ta ba.

Iyakar kasafin ma tana da nata ciwon. Na farko haɗari. Christian Horner, shugaban Red Bull na lokacin, ya ce karon direbansa Verstappen a Silverstone a 2021 ya ci wa Red Bull dala miliyan 1.8, kuma wannan kuɗi daga aljihun da za a ƙera sabon fiffike ko sabon ƙasan mota yake fita, ko da laifin na wani ne. Na biyu gine-gine. An sa iyaka har a kan kuɗin sayen na'urori, don haka wanda ya gina masana'antarsa kafin 2021 ya riga ya sha, wanda bai gina ba an ɗaure masa hannu. James Vowles, da ya zama shugaban Williams, ya tarar da ita tana bin sawun sassan mota kusan 20,000 a takardar Excel, kuma a Ostireliya a 2024, da direbanta Albon ya farfasa motarsa a gwaji, babu gangar jikin mota ta ajiya, sai aka karɓe motar abokin aikinsa Sargeant aka ba shi. A 2023 ne aka ɗaga wa ƙungiyoyi huɗu na ƙasa wannan kaso daga dala miliyan 45 zuwa 65. Na uku ɓoye ma'aikata: a tura injiniya sashen ƙera jirgin ruwa ko motar titi, albashinsa ya fita daga lissafi, iliminsa kuma ya dawo ta bayan gida. FIA ta toshe wannan a 2023.

Akwai doka ɗaya da ta tsaya tsakanin biyun, a ganina kuma ta fi kowace hikima. Ita ce rabon gwajin iska bisa matsayi. Tun 2022 ƙungiya ta bakwai ke samun cikakken kaso, gwaji 320 a kusan wata biyu, zakara na samun kashi 70, wato 224, ta goma kashi 115, wato 368, kuma ana sake rabon sau biyu a shekara. Samfurin motar da ake gwadawa ba ya wuce kashi 60 na girmanta, iskar kuma mita 50 a daƙiƙa. Taƙaita kaya ce irin ta da, sai dai yanzu da kasafin ke nan, mai kuɗi ba shi da inda zai karkatar da rarar. Hukuncin Red Bull ya sauke ta zuwa kashi 63.

Duk da haka Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22 a 2023, abin da ke nuna iyakar kasafi ba ta hana wanda ya dace da ƙira tun farko ya yi wa kowa nisa. Tana ma iya taimaka masa, domin masu bin sa ba su da damar zubar da mota su gina sabuwa a tsakiyar shekara. Sai dai McLaren, wadda ta fara 2023 a can ƙasa, ta ɗauki kofin masu ƙera mota a 2024, karon farko tun 1998, da injin da take saye a wurin Mercedes. Kuma tun 2021 babu ƙungiyar da ta rufe, sai ma shigowa ake, Audi ta ɗauki Sauber, Cadillac ta zama ta goma sha ɗaya a 2026.

In ka ga an ce kasafin 2026 dala miliyan 215 ne, kada ka ɗauka an saki linzami. Hauhawar farashi ce da kuma wasu abubuwan da a da suke waje aka jawo su ciki. Masu ƙera inji ma an yi musu tasu iyakar, miliyan 95 daga 2023, aka ɗaga ta a 2026, shekarar da aka cire injin lantarkin da ke manne da turbo, wanda tsadarsa da wuyar ƙera shi suka daɗe suna korar sababbin kamfanoni.