Gargaɗi kan masu tallar na'urar "tayar da jijiya" ga masu shanyewar ɓarin jiki

A 'yan watannin nan wasu mutane suna zagaya kasuwannin mako da ƙauyukan yankin Ringim da Taura a mota mai lasifika, suna tallar wata na'ura da suke cewa tana warkar da shanyewar ɓarin jiki cikin mako biyu. Ɗan akwati ne mai batir da bai wuce girman rediyon hannu ba, da wayoyi biyu masu soso a baki, a jiƙa soson da ruwan gishiri, a ɗaure wa majinyaci a ka da roba. Kafin su fito da ita sai su nuna wa jama'a bidiyon wasu likitocin Turai suna ɗora wani abu a kan mara lafiya, su ce wai irinta ce.

Ba irinta ba ce. Abin da ke cikin bidiyon ana kiransa TMS, babbar na'ura ce mai tsada da ke motsa ƙwaƙwalwa da ƙarfin maganaɗisu ba tare da tiyata ba, wadda aka fara nunawa a birnin Sheffield na Ingila a 1985, kuma sai ƙwararre ya auna ƙarfin da ya dace da kowane majinyaci kafin a fara. Lokacin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2008, don ciwon damuwa mai tsanani ta amince. Akwai kuma tDCS, wadda ke tura lantarki kaɗan ƙwarai ta fatar kai na kimanin minti 20, kuma ita ce akwatin 'yan kasuwar nan ke kwaikwayo. Har yanzu bincike ake yi a kan amfaninsu ga hannu da ƙafar da suka shanye, wasu gwaje-gwajen sun nuna ɗan ci gaba, wasu ba su nuna komai ba, kuma galibi tare da atisayen motsa gaɓoɓi ake haɗa su. A asibiti sai an tambayi mutum ko yana da farfaɗiya, ko ƙarfe a ka, ko na'urar daidaita bugun zuciya. Masu motar nan kuɗi kawai suke tambaya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne umarnin da suke bayarwa bayan ciniki. Wani dattijo maƙwabcinmu ya sayar da awaki biyu ya saya, mai tallar ya ce masa: "Baba, ka ajiye ƙwayoyin asibitin nan, su ne ke hana na'urar aiki." Ya daina shan maganin hawan jini, ya daina zuwa gashin ƙashi, goshinsa ya yi tabon ƙuna inda soson ke zama, daga baya ciwon ya sake buge shi har maganarsa ta ɗauke. Lambar wayar da suka bari kuwa tuni ta daina shiga. Hawan jini shi ne babban abin da ke jawo wannan ciwo, don haka duk wanda ya ce a bar maganinsa yana wasa ne da ran mutum.

Ina roƙon 'yan uwa, musamman 'ya'ya da matan da ke jinya, kada a saya, kuma kada a yarda a "gwada" wa majinyaci ko da kyauta ne. Wanda ya riga ya saya ya daina amfani da ita, ya koma wurin likita a duba jininsa. Akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, kuma a can ake koya wa masu jinya atisayen da za su riƙa yi wa majinyaci a gida. Idan motar ta shigo garinku, a sanar da dagaci da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a kuma rubuta lambarta.