Bayan faɗuwa daga keke: abin da ya kamata ka saya don kafaɗa, da wanda asarar kuɗi ne

Wanda tayar gaba ta kafe masa a rairayi ko ya ci karo da dutse a gangara, yawanci kafaɗarsa ce ke fara isa ƙasa. Rauni huɗu aka fi samu: karayar ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, targaɗen ƙaramar mahaɗar da ke saman kafaɗa, gocewar kan ƙashin hannu daga gurbinsa, da yagewar jijiyoyi huɗu da ke riƙe shi. Dukkansu ciwo ne da kumburi, amma jinyarsu ta bambanta, kayan da za ka saya ma haka.

Kuɗinka na farko a kan hoton ƙashi ya kamata ya tafi. A Sakkwato ana yinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru, ga kuma asibitin ƙashi na Wamakko. Hoton yana nuna karaya da gocewa, amma ba ya nuna jijiya. In ƙashi ya fito lafiya, aka yi mako 2 hannu bai ɗagu ba, sai a yi sikanin irin na masu juna biyu, wanda ya fi MRI (hoton cikin jiki da babbar na'ura) araha nesa ba kusa ba, kuma yana gano yagewar jijiya in mai yinsa ya ƙware. MRI a bar shi sai likitan ƙashi ya nema. Wanda ya haura shekara 40 kafaɗarsa ta goce, kada ya yi sakaci da wannan binciken, domin a shekarunsa gocewa kan zo da yagewar jijiya.

Mun san da yawa wurin mai ɗori za su fara zuwa, kuma ba mu raina sana'ar ba. Roƙonmu ɗaya ne: a yi hoto tukuna. Ja da murɗa kafaɗar da ake zaton gocewa ce alhali akwai karaya a ciki na iya raunata jijiyar jini ko ta ji, ɗauri mai tsanani kuma yana tare jini har hannu ya lalace. In yatsu sun yi sanyi ko ba ka jin su, in ƙashi ya turo fata kamar zai huda ta, in numfashi na wuya ko wuya na ciwo, ba maganar sayayya, asibiti kai tsaye.

Sai maratayin hannu, inda aka fi yin asara. A shagunan kayan asibiti za ka ga kala huɗu. Mai jaka da maɗauri ɗaya a wuya shi ne mafi araha, kuma shi ya wadatar ga yawancin karaya da targaɗe. Na biyu yana da ƙarin ɗamara da ke manne hannu da ciki, ya fi dacewa da gocewa da kuma lokacin barci. Na uku shi ne mai zagaye kafaɗu biyu kamar lamba 8, wanda ake yawan tallata wa masu karaya. Ba ya sa ƙashi haɗewa fiye da mai jaka, sai dai ya goge hammata ya danne jijiya yatsu su riƙa tsami. A ganinmu bai cancanci kuɗinsa ba. Na huɗu mai matashi ne da ke nesanta hannu daga jiki, na bayan tiyata ne, kada tsadarsa ta sa ka ɗauka ya fi kyau.

Wurin saye ka gwada maratayin a jikinka. Jakar ta rufe daga gwiwar hannu har gindin yatsu. In ta gaza, wuyan hannu zai lanƙwashe ya kumbura, in ta yi yawa, hannu zai riƙa yawo a ciki. Gwiwar hannu ta zauna a can ƙarshen jaka, tafin hannu ya ɗan ɗara ta tsawo. Maɗaurin wuya ya zama mai faɗi da soso. Ka zaɓi na auduga ko mai raga-raga, domin daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, na roba mai kauri ƙurajen zafi kawai zai jawo maka. In da hali ka sayi biyu, ana wanke ɗaya kana sanye da ɗaya. Kullum ka sunkuya hannu ya yi lilo, ka wanke hammata ka busar da ita.

Tsawon rataya ya danganta da rauni: ƙaramin targaɗe mako 1 zuwa 2, gocewa mako 1 zuwa 3, karaya mako 2 zuwa 6, ko da yake ƙashin babba kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe. Wuce lokacin da likita ya ɗiba yana sandarar da kafaɗa, masu ciwon suga kuwa sun fi kowa shiga wannan matsalar.

Batun sanyaya wuri ba ya buƙatar dogon lissafi. Jakar sanyi ta kemis sai da firiji mai wuta, ita kuwa wutar ba ta da tabbas. Fiya wata biyu masu ƙanƙara a naɗe cikin tawul sun yi aikin: minti 15 zuwa 20, bayan kowace awa 2 zuwa 3, a kwana 3 na farko. A waɗannan kwanakin a dakata da gasawa da ruwan zafi da shafa man zafi, suna ƙara kumburi. Maganin sha kuma, farasitamol giram 1 bayan kowace awa 6, kada babba ya wuce giram 4 a yini. Ibuprofen ya fi kama kumburi, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya guje shi, kuma ba a shansa da yunwa ko ƙishirwa. Tramadol ba da takardar likita ba, a'a.

Kuɗin da ka rage daga waɗancan, ka kai shi sashen gashin ƙashi, domin a nan ne ƙarfin hannu ke dawowa. Kayan motsa kafaɗa a gida kaɗan ne. Sanda mai tsawon kamu 2 ta isa hannu mai lafiya ya riƙa tura mai ciwo sama kana kwance. Robar ja ta TheraBand tana da launuka: rawaya mai laushi ce, sai ja, kore, shuɗi, baƙa. Ka sayi rawaya da ja, mita 1 da rabi kowace, sauran ba yanzu ba. Ka miƙa ta a gaban mai shago ka duba tsaga, domin robar da ta daɗe a zafi tsinkewa take yi ta daki fuska. Tiyub ɗin keke ya yi tauri ga kafaɗar da ke farfaɗowa. Mai karaya ba ya fara jan roba sai hoto na biyu ya nuna ƙashi ya kama, galibi bayan mako 6.

Kafin nan, ka yi barci a jingine da matashi 2 ko 3, ka ajiye kaftani ka koma riga mai maɓalli, hannu mai ciwo ya fara shiga. In dafa ƙasa a sujada na ta da ciwon, ka yi salla a zaune. Hawan keke a kwalta sai hannu ya ɗagu har sama ba ciwo kuma kana iya matse birki da ƙarfi. Hanya mai duwatsu da kwazazzabai kuwa, mai karaya ko gocewa ya ba ta kamar wata 3, da izinin likita. Ka duba kan keken da cokalin gaba ko sun lanƙwashe, hular kwanon da ta bugi ƙasa kuma a canza ta ko ba ka ga tsaga a jikinta ba.