Na'urar tace iska a ɗakin wankin ciwo: ƙura ta ragu, wari na nan

Ni nas ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke cikin garin Jos, ɗakin wankin ciwo ne a hannuna. Wanda ya san sanyin Jos a Disamba da Janairu ya san ba mai yarda a buɗe taga. Sai ƙarnin jini da warin gyambon masu ciwon suga su haɗu da Izal su tsaya cik a ɗaki. Shi ya sa mai asibitin ya sayo mana na'urar tace iska daga Abuja, tsayinta bai wuce gwiwa ba.

A kan ƙura dai ba ni da abin cewa sai yabo. Tana da filtar HEPA, irin wadda ke kama kashi 99.97 cikin ɗari na ɓurɓushi masu girman maikron 0.3 (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Da hunturu, a da ko na goge tiren kayan aiki da safe, kafin azahar sai in sa yatsa in ja layi a kai. Yanzu ba haka ba. Ranar da na buɗe bayanta, farar filtar ta koma ruwan ƙasa. Wani dattijo mai asma da ke zuwa wankin ƙafa ya ce mini, "'Yata, ɗakin naku ya daina shaƙe ni." Ba ta cin wuta, sola na ɗaukarta, ƙararta ma ba ta kai ta fanka ba.

Wari kuwa, nan ta gaza. Mai shagon ya yi ta cika baki wai za ta kashe kowane irin ɗoyi. Ina! HEPA ƙura take kamawa, wari wucewa yake yi ta cikinta. Abin da ke shan wari shi ne gawayin da aka sarrafa, namu kuwa ɗan siririn shafi ne aka liƙa. Da farko ya taɓuka, da ya ƙoshi sai ya saki. Har yau, in an kwance bandejin gyambo, abin da ke cetonmu shi ne kwandon shara mai murfi, a ƙulle leda a fitar nan take, sannan a buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa kafin na gaba ya shigo, ko da za a yi ƙorafin sanyi.

Akwai wani maɓalli na ayonaiza, wato ɓangaren da ke sa wa ƙura cajin lantarki don ta manne a jikin abubuwa. Wasu irinsa na fitar da iskar ozon, mai harzuƙa huhu, don haka na manna masa filasta kada masu aikin dare su danna. Turaren wuta ma na hana. Hayaƙinsa filtar yake cinyewa.

Mai niyyar saye ya tambayi kuɗin filtar canji kafin ya biya. Na zaga kasuwar Terminus da Ahmadu Bello Way ban samu daidai tamu ba, sai saƙo muka yi Abuja.