Big Sur ko Amalfi: wace hanyar bakin teku ce ta fi dacewa da motar gudu?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya. Yana da kwana biyar, zai yi hayar motar gudu mai ƙofa biyu shi da maiɗakinsa, kuma ya rasa wacce zai ɗauka tsakanin hanyar bakin teku ta Kalifoniya da ake kira Highway 1, da hanyar gaɓar Amalfi a kudancin Italiya. Ya ce a faɗa masa wacce ta fi, da irin motar da zai nema.

Malam, idan tuƙin ne ya kai ka, ka ɗauki Kalifoniya. Idan garuruwan da ke manne da dutse kake son gani, ka je Amalfi, amma babbar motar gudu a can wahala za ta zame maka. A hoto hanyoyin biyu kamar 'yan uwa ɗaya suke, dutse a gefe guda, teku a ɗaya gefen. A bayan sitiyari kuwa ba su yi kama ba ko kaɗan.

Mu fara da tsawo. Daga San Faransisko zuwa Los Anjeles ta Highway 1 ya haura kilomita 700. Zuciyar tafiyar ita ce yankin Big Sur, daga Carmel zuwa San Simeon, kimanin kilomita 145, wanda aka buɗe wa motoci a 1937. Ko ba ka tsaya ba za ka ci kusan awa uku a wannan yanki, kuma babu mai wucewa bai tsaya ba. Gadar Bixby da aka gama a 1932 tana nan, haka ruwan McWay da ke gangarowa daga dutse zuwa rairayin bakin teku. Kwanonin hanyar suna da faɗi, suna bin juna a jere, ana hango mafitar yawancinsu tun kafin a shiga. Irin wannan hanya ce ke nuna bambancin motar gudu da motar gida, ba sai ka karya doka ba. Iyakar gudu a hanya mai layi biyu a Kalifoniya mil 55 ce a awa, kusan kilomita 90, kuma kwanoni da yawa an sa musu allon shawarar ƙasa da haka sosai. Daɗin yana cikin yadda motar ke riƙe kwalta a kwana, ba a taka totur ba.

Ita kuwa hanyar Amalfi, mai lamba SS163, duka-duka kimanin kilomita 50 ce daga wajen Sorrento zuwa Vietri sul Mare. An sassaƙe ta a jikin dutse tun ƙarni na 19, zamanin keken doki, kuma faɗinta bai ƙaru da wani abin kirki ba. Kilomita 50 ɗin nan kan ci awa biyu a rana mai sauƙi, wato da ƙyar za ka bar giya ta biyu da ta uku. Ga manyan bas-bas na SITA masu jigila tsakanin garuruwan, ga 'yan babur suna kutsowa ta hagu da dama, ga masu tafiya a ƙasa a kan kwaltar saboda wurare da yawa babu gefen hanya. Idan ka ji doguwar oda daga bayan kwana, bas ce ke sanar da zuwanta. Ka tsaya nesa da kwanar ka ba ta fili, don sai ta ci layinka kafin ta iya juyawa. Wanda ya kutsa kai shi zai yi ribas, da katangar dutse a madubi ɗaya da layin motoci a bayansa.

A nan faɗin mota ya fi ƙarfin inji muhimmanci. Mazda MX-5 faɗinta mita 1.74 ne ba tare da madubai ba. Porsche 718 Boxster mita 1.80, Porsche 911 na yanzu mita 1.85, Ford Mustang ta haura mita 1.9, manyan Ferrari kuwa sun kusa mita biyu. Tazarar santimita 20 tsakanin MX-5 da Mustang ba komai ba ce a Big Sur. A tsakanin garuruwan Positano da Praiano na gaɓar Amalfi ita ce bambancin wucewa lafiya da goge rim a jikin dutse. Saboda haka a Kalifoniya ɗauki abin da ranka ke so, Mustang ma ta dace da wurin. A Amalfi kada ka wuce MX-5 ko ƙaramar Fiat ƙirar Abarth. Kuma ko da kai mai son giya da hannu ne, otomatik ta fi a can: tsaya-tafi a kan gangara na awa guda yana ƙona kuloci, za ka ji warinsa, kamfanin haya kuma ba ya ɗaukar ƙonewar kuloci a matsayin haɗari, kai za ka biya.

Abu ɗaya da hanyoyin biyu suka haɗu a kai shi ne alƙiblar tafiya. A ƙasashen biyu hannun dama ake bi. A Kalifoniya ka taso daga arewa ka nufi kudu, a Amalfi ka taso daga Sorrento ka nufi Salerno. Ta haka teku zai kasance a damanka, wuraren tsayawa na kallo suna gefenka, ba sai ka yanke layin masu zuwa a kan kwana ba. Sai dai ka tambayi uwargida tukuna, domin ita ce za ta zauna a bakin ramin. Mai jin tsoron tsawo gara a juya masa tafiyar, mota ta bi jikin dutse.

Babbar matsalar Big Sur ita ce zaftarewar ƙasa. Duwatsun wurin ba su da ƙwari, ruwan hunturu yana jiƙa su su sulalo kan hanya. A watan Mayun 2017 ƙasa ta rufto a Mud Creek, ba a sake buɗe wurin ba sai Yulin 2018. A 2023 da 2024 ma an sami wasu zaftarewar da suka raba hanyar biyu na dogon lokaci. Idan hanyar ta yanke, babu wata 'yar kwana da za ka bi ka zagaye cikin minti goma, sai dai ka koma baya ka hau babbar hanya ta 101 da ke cikin ƙasa, ka yi asarar sa'o'i. Don haka kafin ka biya kuɗin otal ko ɗaya, duba taswirar hukumar hanyoyin jihar, Caltrans, sannan ka sake dubawa ana gobe tafiya. Ka sauke taswirar hanya a wayarka tun daga garin Monterey da ke kusa da Carmel, domin sabis yana ɗaukewa a mafi yawan Big Sur.

Matsalar Amalfi kuwa doka ce da wurin fakin. Tun 2022 ana aiki da tsarin lambar mota a lokutan cunkoso: daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma, motar da lambarta ta ƙare da mara ba ta shiga hanyar a ranar da kwanan wata ya faɗa mara, mai cika kuma ba ta shiga a ranar cika. Yakan shafi dukan watan Agusta, da ƙarshen mako a watannin bazara, da makon Ista. Motar haya ba ta tsira ba, kuma ba ka sanin lambar da za a ba ka sai ranar karɓa. Ka rubuta wa otal ɗinka tun da wuri ka tambayi ranakun da dokar ta shafa a wannan shekarar da sassaucin da ake yi wa baƙin otal ranar shiga da ranar fita. Sai kuma unguwannin da aka rubuta ZTL, allo fari mai jan da'ira, inda baƙuwar mota ba ta shiga. Kyamara ce ke ɗaukar lamba, ba wanda zai tsayar da kai, tarar kuma takan iso bayan watanni, kamfanin haya ya ɗora nasa kuɗin aiki a kai. Layin fakin shuɗi na biya ne, fari kyauta, rawaya an keɓe shi, kada ka taɓa. A Positano yawancin garejin masu zaman kansu ne, mukulli za ka miƙa su cusa motar tsakanin wasu. Ka yi tunanin wannan kafin ka karɓi motar da aka riƙe maka dubban yuro a kati saboda ita.

Lokaci ma ya sha bamban. Mutane da yawa suna zuwa Big Sur a Yuni da Yuli suna zaton rana, sai su tarar da hazo ya rufe teku tun safe har azahar, saboda ruwan tekun Pasifik a wannan gaɓa mai sanyi ne. Satumba da Oktoba sun fi haske. Ka kauce wa tsakiyar Agusta a Monterey, lokacin makon baje kolin motoci ne, otal yana tsada ya kuma yi wuya. A Amalfi watan Mayu ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ya fi, kuma ko a lokacin, tuƙin kirki yana tsakanin fitowar rana da ƙarfe 9 na safe ne, kafin bas-bas na masu yawon buɗe ido su fito.

Batun mai: a Big Sur gidajen mai 'yan kaɗan ne, a ƙauyen Big Sur da Gorda da Ragged Point, kuma tsadarsu ta yi suna. Cika tanki a Monterey ko Carmel. Tankin MX-5 lita 45 ne, na Mustang kusan lita 60, kowanne zai kai ka San Simeon da saura mai yawa in ka taso a cike. Mai mafi inganci a Kalifoniya an rubuta masa 91, kada lambar ta ruɗe ka, ma'auninsu daban ne, ya yi daidai da kusan 95 na Turai. A Italiya fetur shi ne benzina, gasolio kuwa dizal ne. Sunan yana yaudarar baƙi, kuma zuba dizal a motar fetur yana nufin janwe da wanke tanki a aljihunka.

Akwai abubuwan da suka shafi motar kanta, ko ina ka nufa. But ɗin motar gudu ƙarami ne: MX-5 lita 130, gaban 911 lita 132, Boxster gaba da baya kimanin 275. Akwati mai tauri ba zai shiga ba, ku zuba kaya a jakunkuna masu laushi guda biyu. Yawancin waɗannan motoci ba su da safaya, sai kwalbar maganin faci da ɗan famfo. Wannan yana toshe hujin ƙusa, amma idan tsinin dutse ya yanka gefen taya, ba abin da zai yi. Gefen tayoyinsu kuwa gajere ne, kuma a hanyoyin biyu ana samun ɓaraguzan dutse a kan kwalta bayan ruwan sama. Shi ya sa ya kamata ka karanta takardar inshora da kyau: inshorar haɗari ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar taya da rim da gilas da ƙarƙashin mota, waɗanda su ne ainihin abin da ke lalacewa a irin wannan tafiya. Ka biya ƙarin. Ranar karɓa ka ɗauki bidiyon rim huɗu, sannan ka durƙusa ka haska ƙarƙashin bamba ta gaba, nan ne tsohon karce ke ɓuya. Wajen shiga gidan mai ko gareji mai tudu, ka shiga a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

A gangara mai tsawo, kamar saukowa daga Ravello, garin da ke kan dutse a saman Amalfi, zuwa bakin teku, kada ka ɗora ƙafa a kan burki ka bar ta. Burki yana zafi, man burki ya tafasa, feda ta yi laushi ta nutse. Ka sauke giya zuwa ta biyu inji ya riƙe motar, ka taka burki da ƙarfi na ɗan lokaci ka saki. A Kalifoniya kuma doka ce idan motoci biyar suka jeru a bayanka a hanya mai layi biyu, ka ratse a wurin ratsewa na farko su wuce. Haka kai ma za a yi maka in ka yi haƙuri a bayan babbar motar zango mai ɗakin kwana a ciki. Layi biyu rawaya a tsakiyar hanya ba a tsallake shi don wuce wani.

Tambayoyi uku ka yi wa kamfanin haya kafin ka biya: iyakar kilomita nawa ne a rana, nawa ne kuɗin ajiye mota a wani gari daban, kuma nawa za su riƙe a kati. Kamfanonin motocin alfarma sukan sa iyakar tafiya, kuma tafiyar kilomita 700 mai fita ta San Faransisko ta ƙare a Los Anjeles tana iya ninka kuɗin da ka gani a talla. Mustang daga manyan kamfanonin filin jirgi takan fi sauƙi ta wannan fuska. Italiya tana buƙatar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ga wanda lasisinsa ba na Tarayyar Turai ba ne, kuma a ƙasarka ake yinsa kafin ka tashi.

Kwana biyar ɗinka a Kalifoniya za su zauna daidai: ranar farko zuwa Monterey ta Santa Cruz, kimanin kilomita 190, rana ta biyu gaba ɗaya a ba Big Sur, a kwana a can ko a Cambria, ta uku a tsaya kallon manyan dabbobin ruwa masu kwanciya a rairayin Piedras Blancas da gidan Hearst a San Simeon, ta huɗu Santa Barbara, ta biyar a shiga Los Anjeles ta Malibu. Kada ku bar ko jaka ɗaya a fili cikin mota a San Faransisko, balle mai rufin yadi. Idan kuma zuciyar uwargida ta tsaya a kan Amalfi, ka yi hayar ƙaramar motar ta kwana ɗaya ko biyu kawai, ku fita da asuba daga Sorrento, ku hau Ravello, ku mayar da ita. Sauran kwanakin ku bi jirgin ruwa da ke zirga-zirga tsakanin Positano da Amalfi da Salerno daga bazara zuwa kaka, domin daga kan ruwa ne ake ganin garuruwan gaba ɗayansu, tun daga bakin teku har ƙololuwar dutse.