Doli huɗu da wincin hannu da na saya a Magazin, ga masu motar da ba ta tashi

Wannan bayanin na masu ajiyayyar mota ne a gida, irin wadda ake lallaɓa gyaranta, yau a sayi wannan gobe a sayi wancan, ita kuma tana zaune a gareji ba ta tashi. Tawa Benz ce 200D, samfurin da ake kira W123, waɗanda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, ta marigayi babanmu ce, kuma ko nawa za a ba ni ba zan sayar ba. Injin yana Suame Magazin, unguwar makanikai da kayan mota ta Kumasi, wajen fita, wato makaniki, ana sake shi, bodin yana gida nan Asokore Mampong ina bin shi da gurzar tsatsa da walda. To walda ba ta yiwuwa a cikin gareji saboda hayaƙi da tartsatsi, dole a fito da ita waje da safe a mayar da yamma, kuma duk wanda ya san Kumasi ya san ba mu da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, gida a kan tudu, gwata a bakin ƙofa, daga garejin zuwa tsakar gida gangara ce.

Da samarin unguwa nake kira su tura, Allah ya saka musu basu taɓa ƙi ba, amma mutum biyar in sun dage suna turawa duk inda hannu ya faɗa nan suke dannawa, har murfin but ya lotsa gefe ɗaya, kuma ba kullum zaka tara mutane ba, kowa da abin da ya dame shi. Shi yasa na shiga Magazin na sayo abu biyu, doli guda huɗu, wato ƙananan farantan ƙarfen nan masu tayoyi huɗu huɗu a ƙasa da ake ɗora tayar mota a kai, da kuma wincin hannu mai waya da ƙugiya wanda ake ja da mariƙi ƙat ƙat ƙat.

Mai shagon dattijo ne, kuma gaskiya ya kyauta min. Ya bari na buɗe kwalin a gabansa na juya kowace taya da hannuna, da ya ji nace gangara ce a ƙofar garejina sai ya tsaya yace, "Alhaji, wannan na cikin ɗaki ne fa, kar ka sauko da mota a kansu." Nace, "Baba to me zan yi da gangarar?" Shi ne ya ɗauko wincin. A lokacin na ɗauka ciniki yake son ƙarawa, amma maganarsa ita ce gaskiyar lamarin gaba ɗaya, kuma wincin bai kai rabin kuɗin dolin ba. Farashi kam a Magazin yana bin dala ne, ka tambaya shago biyu uku kafin ka zaro sidi, 'yan Accra kuma ku leƙa Abossey Okai.

Dolin da farko. A kwalin an rubuta kowanne yana ɗaukar kilo 450, huɗu kenan 1,800, ita kuma 200D da injinta da komai kusan kilo 1,400 ce, tawa ma ba inji a ciki, to ta fannin nauyi babu damuwa. Sai dai ka tuna in da inji gaba ya fi baya nauyi, kar ka raba nauyin huɗu daidai ka ce shikenan, in motarka babba ce irin su Land Cruiser nemi masu kilo 680. Nawa irin na faranti ne, sai ka ɗaga kowace taya da jak ka tura shi ƙasa ka sauke, taya huɗu jak sau huɗu. Akwai mai feda wanda yake matse tayar ya ɗaga ta da kansa ba ruwanka da jak, ya fi tsada sosai, amma in kullum zaka riƙa hawa da sauka da motar to shi ya fi maka. Masu W123 ku kula da ramukan jak na gefen motar, wajen yana cin tsatsa, nawa ɗaya ya riga ya ruɓe, da jak ɗin ƙasa nake ɗagawa da guntun katako a kai.

In motar ta hau su huɗun, wallahi abin yana da daɗi. Faɗin motar wajen mita 1.8 ne, tsawo mita 4.7 da ɗan wani abu, garejin kuma bai fi mita uku a faɗi ba, da in ta shiga tsakiya sai da gefe gefe kake wucewa ko ƙofarta ba ta buɗuwa sosai. Yanzu ni kaɗai ina tura ta a kaikaice har ta manne da bango, in samu fili mai kyau a ɗaya gefen in zauna a kujera in yi aikin ƙofa, in na gama in mayar da ita ɗaya bangon, babur ɗina ma ya samu wajen kwana. Ba abin da zai yi maka wannan sai doli, don mota a kan tayoyinta gaba da baya kawai ta sani.

Amma suna da halinsu. Ƙananan tayoyin ƙarfe ne zalla, ba boris a ciki, kuma a bushe suka zo ko ɗigon giris babu, sai da na kwance su na cika da giris na ɗaure notinan da kyau don biyu a sake suke. Ɗaya ma ƙafarta a karkace ta zo, na mayar mai shagon ya canja ba gardama. Turawar farko ita ce wahala, tayoyi goma sha shida kowace ta kalli inda ta ga dama, sai ka jijjiga motar sun juyo sun kalli waje ɗaya sannan ta tafi sumul. Tsakuwa ɗaya ƙarama ko guntun sandar walda da ya faɗi a ƙasa ya isa ya tsayar da motar cak, don haka shara kafin turawa dole ce, a lokacin hunturu da ƙura take shigowa kullum sai na share. Suna kuma cin siminti, daɓen garejina duk ya yi zane zane, in naka daɓen sirara ne ko tayil aka sa to zai fashe, ka nemi masu tayoyin roba mai tauri.

Babban abin da nake so kowa ya riƙe shi ne doli ba shi da birki. In mota tana kansu, birkin motar da giyarta duk ba su da amfani don tayoyinta ba sa taɓa ƙasa. Yawancin gareji kuma maginin yana ɗan karkata daɓen zuwa ƙofa saboda ruwa, ido ba ya gani, amma mota a kan doli tana ganewa, sai ka ga tana silalewa a hankali ita kaɗai ta nufi ƙofa. Ni katako mai kauri nake gittawa a bakin ƙofar duk lokacin da take kansu. Batun a sauko da ita gangara a kansu ko a tsallaka murfin gwata kuwa bai taso ba, ƙaramar tayar tana faɗawa tsaga motar za ta zame daga kan farantin, ko ta tafi a kaikaice ba mai iya tare ta.

To shiga da fita aikin winci ne, motar a kan tayoyinta. Lissafin ba wuya. A shimfiɗaɗɗen siminti in tayoyi da iska, ƙarfin da ake buƙata a tura mota bai kai kashi biyu cikin ɗari na nauyinta ba, shi yasa mutum ɗaya yake iya turawa. Amma gangarar da ta hau santimita 30 a cikin mita 3, wato ɗaya cikin goma, tana ƙara maka kashi goma na nauyin, mota mai kilo 1,400 kamar kana jan kilo 140 ne ba hutawa, in ka saki kuma ta dawo kanka. Wincin an rubuta tan 2 a jikinsa, ka sani wannan lambar in an ninka wayar ta cikin ɗan kwarkwaron da yake zuwa da shi ne, wato 'yar tayar da wayar take zagayawa a kai, in waya ɗaya ce rabin haka ne, kuma in ka ninka tsawon ya ragu rabi. Ko da hakan ya fi ƙarfin aikina nesa ba kusa ba.

Inda za a ɗaure shi nan ne na fi ɓata lokaci, kuma nan ne nake ganin mutane za su yi ganganci. Kar ka ɗaura a ƙarfen taga, kar ka ɗaura a ginshiƙin ƙofa, kar ka huda bangon bulo, duk za su biyo ka. Fitana ya zo ya buga daɓen da guduma yace, "Alhaji, simintin nan bai kai ya riƙe noti ba." Nace, "Masta yaya za a yi?" Sai muka sa magini ya haƙa rami a ƙuryar garejin, mai walda ya lanƙwasa rodi mai kauri ya yi masa ƙafafu, aka zuba kankare ya binne shi saura ɗan baka a sama, muka bar shi kwana 28 don sai lokacin kankare yake cika ƙarfinsa. A jikin motar kuma ƙugiyar ja da kamfani ya yi mata a ƙasa ake kamawa, bayan ka duba tsatsa ba ta cinye wajen ba, banda bamba, banda sandunan sitiyari.

Shigar da ita yana da sauƙi amma a hankali yake, kowane ja ɗan taƙi kaɗan motar take matsowa, wayar kuma gajera ce ba ta kai tsawon gangarar da garejin ba, dole na haɗa da sarƙa, in wayar ta ƙare in sa waigi a bayan tayoyi biyu, in sassauta, in rage sarƙar, in sake farawa. Fitar da ita ta fi ban haushi, don irin wannan wincin ba ya sakin waya a tafi ɗaya in da nauyi a kai, haƙori ɗaya ɗaya yake saki, ka ɗaga mariƙin ka danna ɗan harshen ya yi ƙas ka sake, hannu yana gajiya, kuma ka sa safar hannu don wayar ta fara fitar da ƙananan ƙayoyi tun da wuri. Wannan ne aibinsa babba a wajena. Wanda yake da hali ya sayi mai sarƙa da mariƙi, shi yana da maɓallin sama da ƙasa, yana sauke kaya lafiya lau. Cenbulok ɗin da fitoci suke ɗaga inji da shi kuwa na ɗagawa sama ne, in ka kwantar da shi sarƙar hannun tana harɗewa.

Mutum uku nake so a aikin, ni a winci, ƙanena a sitiyari, yaro ɗaya a waigi. Makulli dole yana ciki an murɗa shi, in ba haka ba sitiyarin zai kulle kansa ana tsakar gangara. Giya a firi. Birki kuma in ba inji yana yin tauri sosai don abin da yake taimaka masa da iskar inji yake aiki, sai an taka da ƙarfi, in ma ka zubar da man birkin kana gyara to babu shi sam, waigi ne kaɗai gatanka, ni guda biyu na sa kafinta ya yanka min da igiya a jiki yaro yana ja a gefe yana bin tayar. Tsohon buhu mai nauyi nake yafawa a tsakiyar wayar ko da za ta tsinke kar ta yi bulala. Sauran yara kuwa a kulle su cikin gida, yaran zango da sun ga mota tana motsi sai su rugo bayanta, kuma bayan nan ne wajen da ba a tsayawa.

Abu ɗaya da ya shafi damina, birkin ajiya na W123 da ƙafa ake taka shi, yana da ƙananan takalma a cikin faifan tayar baya, in ka taka ka bar shi watannin ruwan nan daga Afrilu zuwa Yuli zai iya kamawa da tsatsa, ranar da ka zo ja tayar ta ƙi juyawa, winci yana jan mota tana gurzar ƙasa. Ni a sake nake barin shi, waigi gaba da baya, tayoyi kuma ina ƙara musu iska lokaci lokaci don taya mai laushi tana ninka wahalar.

Ranar da za ta koma Magazin a ɗora inji dai motar janwe zan kira mai shimfiɗaɗɗen baya, waɗannan kayan iyakarsu ƙofar gida. Tayoyin dolin kuma na riga na yi magana da mai walda zai canja min su da manya masu boris da roba, in ramukan notin sun yi daidai.