Sauraron ƙara a hukumar Social Security ta Amurka: tsari mai sauƙin shiga, amma wa'adinsa ba sassauci

Wanda hukumar Social Security ta hana kuɗin nakasa, aka sake duba fayil ɗinsa aka kuma hana shi, sai ya nufi gaban alƙalin hukumar. Kwana 60 gare shi daga ranar da takardar ƙin ta iso hannunsa ya cike fom HA-501, ko ya nema ta intanet. Ba a biyan ko sisi, tafinta ma kyauta ne. A nan hukumar ta cancanci yabo.

Sanarwar zama tana zuwa aƙalla kwana 75 kafin ranar, kuma ana iya yi ido da ido, ta bidiyo ko ta waya. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne takardun asibiti. Dole a miƙa su, ko a sanar da alƙali suna hanya, ana saura kwanakin aiki biyar. Wanda ya makara, alƙali na iya ƙin duba su sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Asibitoci kuwa ba sa gaggawar sakin fayil, don haka ranar da sanarwa ta iso a fara bin su. A zaman kansa, a kasa kunne sosai ga ƙwararren sana'o'i. Alƙali zai tambaye shi ko mai irin wannan lalura zai iya wani aiki, kuma amsarsa kan juya shari'ar gaba ɗaya. Wakilin mai ƙara da ya san aikinsa nan yake matsa wa ƙwararren da tambayoyi.

Abin da ya fi damuna shi ne naɗin alƙalan. A 2018, a shari'ar Lucia da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, Kotun Ƙoli ta ce irin waɗannan alƙalai jami'an gwamnati ne, ba ma'aikata kawai ba, don haka sai shugaban ƙasa, kotu ko shugaban hukuma ne zai naɗa su. A watan Yulin shekarar, umarnin shugaban ƙasa mai lamba 13843 ya cire su daga jarrabawar gasa, ya bar zaɓi a hannun shugabannin hukumomi. Mai ƙara yanzu na iya samun kansa gaban wanda hukumar da ta hana shi ta zaɓa kai tsaye, kuma wannan bai kwanta mini a rai ba.

In hukunci bai yi daɗi ba, akwai wani kwana 60 na ɗaukaka ƙara zuwa majalisar ɗaukaka ƙara ta hukumar, daga can kuma sai kotun tarayya.